Idan Dayis Ya Kashe Jarumi: Wace Doka Ta Dace da Tabarmarku?

Mu shida ne muke haɗuwa a zauren gidanmu da ke Mabera duk daren Asabar bayan isha'i don wani wasan labari da ake yi da dayis, ni ina jan labari, su biyar kowa da jaruminsa a takarda. Mun yi wata bakwai a kan labari ɗaya, na ayarin fatake da ya taso daga ƙasar Gobir zai ratsa hamada zuwa Agadas, har daren da maharbin ƙanena ya sauka wata tsohuwar rijiya shi kaɗai ya tarar da dodo a ciki. Dodon ya kayar da shi, sauran suna can sama babu mai kai masa ɗauki, aka jefa dayis sau uku a jere, duk ukun suka zo ƙasa da 10. A dokar wasan, maharbi ya mutu.

Ƙanena ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Yaya, wata bakwai nika renon wanga maharbi, ko ƙanwatai da anka sace bai gano ba. Shi ke nan don dayis?" Kafin in buɗe baki, abokina wanda ya riga mu duka sanin harkar ya ce in aka tayar da maharbin to shi ya bar zuwa, don ba zai kashe darensa a kan faɗan da ya san ba a mutuwa a cikinsa ba.

Har gobe ban ga mai kuskure a cikinsu ba. Ƙanena ya zo ne ya ga ƙarshen labarin maharbinsa, kamar mai sauraron tatsuniya da ya san ba a kashe Gizo a tsakiyarta. Abokina ya zo ne ya gwada dabararsa a gaban haɗari, kamar mai dara da ya san kowane ɗa yana iya tafiya. Ni ne na zaunar da su tabarma ɗaya wata bakwai ban taɓa tambayar kowa abin da yake tsammani ba idan makin rai, wato lambar da ke nuna sauran lafiyar jarumi, ya ƙare.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wasan ba, da baki ake yin sa, da takarda da dayis. Mutum ɗaya yana bayyana duniyar labarin da abin da ke cikinta, sauran kowa ya riƙe jarumi ɗaya yana faɗin abin da jarumin zai aikata, dayis kuma ya raba gardama. Ba a zuba kuɗi, babu mai cin wani. Ya faro ne a Amurka a 1974 da Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson, kuma tun daga lokacin masu ƙirƙirar waɗannan wasanni suke saɓani a kan wannan tambaya tamu. Ga hanyoyin da suka bi, da abin da kowace take bayarwa da abin da take karɓa.

Inda dayis ne alƙali

Wannan ita ce hanyar asali. A bugun D&D na 1981 da Tom Moldvay ya shirya don masu koyo, da zarar makin ran jarumi ya kai sifili ya mutu, babu suma babu jinya. Masihirci a matakin farko, wato sabon jarumin da bai ƙara girma ba, da dayis mai fuska 4 ake jefa masa makin rai, makami kuwa a ƙa'idar farko yana cin maki 1 zuwa 6. Ke nan ko wanda ya yi sa'a ya samu maki 4, in sara ɗaya ya same shi rabi da rabi ne, ko ya miƙe ko a ɗauke shi.

Wanda ya ji wannan zai ce mugunta ce, amma sauran dokokin an ɗinka su ne daidai jikinta. Ƙirƙirar sabon jarumi ba ta wuce minti goma, dayis uku sau shida, ka zaɓi sana'a, ka sayi igiya da fitila. Yawancin makin ƙarin girma kuma daga dukiyar da aka fito da ita yake zuwa, kowace tsabar zinariya maki ɗaya, abin da ake samu daga kashe dodo ɗan kaɗan ne. Saboda haka mai hankali ba ya neman faɗa. Yana lallashi, yana ba da toshiya, yana bugun ƙasa da doguwar sanda kafin ya taka, in gudu ya kama ya gudu. Su kansu dodannin akwai jifan da ake yi musu na ko za su karɓi baƙo da lumana, da na ko za su tsere in an kayar da na gabansu. Dungeon Crawl Classics na 2012 ya kai abin ƙarshe, inda kowane mai wasa yake farawa da talakawa kamar uku ko huɗu, manomi da maƙeri da makiyayi, a tura su kogo, wanda ya fito da rai shi ne jaruminsa. A Traveller na 1977 kuwa jarumi yana iya mutuwa tun ana cikin ƙirƙirarsa, kafin a fara wasan.

Abin da wannan hanya take bayarwa ba a samunsa a wani wuri. Na ja irin wannan wasa sau da dama, kuma shi kaɗai ne wanda nake ganin kowa ya kifa wayarsa ba tare da an roƙe shi ba. Da jarumin mutum ɗaya ya faɗi, sai sauran su shafa wa gemunsu ruwa, su fara tambayar abin da ke bayan ƙofa, da inda iska take fitowa, da ko akwai sawu a ƙasa. In aka fito da dukiya, daɗin nasarar nasu ne tsantsa, don sun san babu wanda ya rufa musu asiri.

Abin da take karɓa kuma shi ne ƙauna. Mutumin da jaruminsa uku suka mutu cikin wata ɗaya ba zai ƙara ɓata lokaci yana ƙaga wa na huɗu uwa da ƙanwa da garin haihuwa ba, wani ko suna ba ya sa masa sai ya kai mataki na biyu. Dogon labarin da aka rataya a wuyan jarumi ɗaya yana iya tsinkewa da jifa ɗaya, irin na ƙanwar maharbi. Baƙon da aka gayyato karon farko, aka kashe masa jarumi cikin minti ashirin, da wuya ya dawo. Sannan tana ɗora wa mai jan labari nauyin da ba kowa ne ya san da shi ba: dole haɗari ya nuna kansa kafin ya ci mutum. Ƙasusuwa a bakin kogo, tsohuwar da ta ce kada ku bi ta nan, raƙumin da ya ƙi matsawa kusa da rijiya. Wanda ya ga wannan duka ya shiga, to kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wanda aka kashe babu ko alama ɗaya, an zalunce shi ne, ko da doka ta yarda. A daren maharbi ni ban sa alama ko ɗaya a bakin rijiyar nan ba, kuma wannan ne ya fi damuna har yanzu.

Inda ba a mutuwa sai mai jarumi ya yarda

Can ɗaya ƙarshen akwai wasannin da suka cire mutuwa daga hannun dayis. Tales from the Loop, wanda ya fito daga Suwidin a 2017, jarumansa yara ne 'yan shekara 10 zuwa 15, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa ba sa mutuwa. Suna jin ciwo, suna tsorata, suna karaya, amma suna komawa gida. Fate Core na 2013 ya zo da wata dabara da nake ganin ta fi kowace amfani ga irin zamanmu: ana cikin faɗa, kafin a jefa dayis, mai wasa yana iya cewa ya sallama. In ya sallama ya rasa abin da ake faɗan a kansa, amma yana da ta cewa a kan yadda zai fita, a ce an jefar da shi ana zaton ya mutu, ko an kama shi. In kuwa ya ƙi sallamawa ya tsaya har aka gama da shi, to wanda ya yi nasara ne zai yanke abin da zai same shi.

Masu sukar wannan hanya sukan ce wasa ne marar haɗari, kuma a nan nake saɓa musu. Mu da muka tashi a garin da ake auna mutum da amana, mun san akwai abin da ya fi mutuwa ciwo a labari. Madugun da ya dawo gida babu kayan da aka ba shi amana, ya tsaya gaban mai kayan. Maharbin da ya rasa hannun dama. Jarumin da ya tsira saboda ya bar abokin tafiyarsa a hannun maƙiya, kuma duk ayarin sun gani. Mutuwa tana rufe takarda ne a ɗauko sabuwa, su kuwa waɗannan suna bin jarumi har ƙarshen labari. Mai wasan da ya san ba za a fizge masa jarumi ba yakan saki jiki ya sa shi yin abin da mai tsoron dayis ba zai taɓa yi ba, ya yi rantsuwa, ya yi kuskure, ya shiga wuta don wani.

Sai dai nauyin duk yana komawa kan mai jan labari. In ba ka iya ƙaga asarar da za ta ciza ba, in kowace faɗuwa ta ƙare da an farka a ɗakin mai magani an warke, to cikin makonni kaɗan wasan zai zama miya babu gishiri. Za ka kuma haɗu da mai durowa daga kan ganuwa don ya san ƙafa kawai zai karya. Irin abokina kuwa, wanda daɗinsa yake cikin lissafin haɗari, ko ka yi ƙoƙarin duniya zai ji kamar ana wasa da shi ne kamar yaro.

Tsakiyar hanya, inda yawancinmu muke

Bugu na biyar na D&D, na 2014, shi ne wanda sabbin shiga suka fi cin karo da shi, kuma shi muke yi a daren. Idan makin rai ya kai sifili jarumi suma yake yi. Duk zagaye ana jefa masa dayis mai fuska 20: daga 10 zuwa sama nasara ce, ƙasa da haka faɗuwa. Nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu. In 1 ya fito faɗuwa biyu ke nan, in 20 ya fito ya farfaɗo da maki ɗaya. Wanda aka bari shi kaɗai babu taimako, damar tsirarsa kusan kashi 60 cikin 100 ce, in kuwa akwai mai warkarwa kusa to ƙaramin sihiri ɗaya ya isa ya miƙar da shi. Daga mataki na 5 mai warkarwar yana iya dawo da wanda ya mutu cikin minti ɗaya da lu'ulu'u mai darajar tsabar zinariya 300, can gaba kuma wanda ya kwana har 10 da na zinariya 500.

Amma akwai wata doka da mutane suke mantawa. In dukan da ya kai jarumi sifili ya yi ragowar da ta kai cikakken makin ransa, ya mutu nan take babu jifa. Masihirci mai maki 8 da ya rage masa 3, duka mai cin 11 ya gama da shi. Ke nan wasan yana da kaifi a mataki na 1 da na 2, daidai lokacin da mai koyo bai san komai ba, sannan ya yi laushi bayan na 5, lokacin da gwani yake neman abin da zai gwada shi. Ga shi kuma ƙirƙirar jarumi a wannan bugun tana iya cin awa guda ga sabon shiga. Babbar illarsa a wurina ita ce yana barin mutum biyu kowa ya ci gaba da zaton abin da yake so. Ƙanena ya ga ana faɗuwa ana tashi wata da watanni, ya ɗauka ba a mutuwa. Abokina ya karanta dokar faɗuwa uku, ya ɗauka ana mutuwa. Duk biyun suna da hujja a cikin littafi ɗaya.

Wasu wasannin tsakiyar sun fi shi fito da maganar fili. A Dungeon World na 2012, mai bakin mutuwa yana jefa dayis biyu irin na lido. Daga 10 zuwa sama ya kuɓuta, kuma sau ɗaya cikin shida ne hakan. Daga 7 zuwa 9 ana yi masa tayin rai da farashi mai tsada, ya karɓa ko ya ƙi. Daga 6 zuwa ƙasa ajali ya kama shi. Daggerheart na 2025 ya miƙa wa mai jarumin zaɓi uku: ya yi aikin bajinta na ƙarshe da ba zai kuskure ba sannan ya mutu, ko ya suma al'amura su ƙara lalacewa har ma ya iya tashi da tabo, ko ya sa komai a jifa ɗaya, rai ko mutuwa. Da irin wannan dokar, ƙanena da abokina suna iya zama tabarma ɗaya kowa ya ɗauki ƙofar da ta yi masa.

Akwai hanya ta huɗu da ba a rubuta a bangon kowane littafi ba, kuma ita nake roƙon kowa ya guje wa. Ita ce mai jan labari ya ce ana mutuwa, sannan ya riƙa jefa dayis a bayan kwali yana sauya sakamako a ɓoye duk lokacin da ya ji tausayi. Na fahimci zuciyar mai yin haka, na kuma san akwai masu kare ta. Amma ranar da aka gane, duk nasarorin baya sun zama abin shakka, kuma ranar da ka bar wani ya mutu zai tambaye ka dalilin da ya sa ka ceci wane makon jiya shi ka ƙyale nasa. Ba ka da amsa.

Abin da littattafan ba su san da shi ba

An rubuta waɗannan dokoki ne a wasu ƙasashe, mu kuma a Sakkwato muke zaune. Na farko, maganar tayar da matacci da ciniki da mutuwa ba kowa ne zai ji daɗin furta ta ba ko da a wasa, kuma babu dalilin tilasta masa. A zaurenmu mun mayar da ita doguwar suma da mai magani yake farfaɗo da mutum daga gare ta, tayin nan mai tsada kuma ya zama asarar hannu ko ido ko bashi. Lissafin dayis bai canza ba ko kaɗan.

Na biyu ya fi nauyi. Cikin mutum shida da wuya a rasa wanda bai daɗe da zaman makoki ba, kuma wanda danginsa suke wajen Sabon Birni ko Isa ba ya buƙatar a kwatanta masa yadda ake tare hanya ko ake shiga ƙauye da dare. Wani yana so ya fuskanci irin wannan a labari ya ga an yi nasara a kansa, wani kuma ya zo ne ya huta da shi na awa uku. Ba za ka sani ba sai ka tambaya, kuma gara ka tambayi kowa shi kaɗai, don a gaban jama'a kowa zai ce babu komai. Na uku ƙarami ne amma yana korar mutane: wanda ya biya ɗan kabu-kabu daga Arkilla ko Runjin Sambo, aka kashe masa jarumi da ƙarfe tara, ya zauna kallo har sha ɗaya. Kowace doka kuka zaɓa, a ajiye jarumin ko-ta-kwana a aljihu, ko a miƙa masa ɗan rakiyar ayari ya riƙe har a tashi.

To wace za ku ɗauka? In zaman dare ɗaya ne, ko lokacin hutu da ba a san wanda zai dawo mako mai zuwa ba, ku bar dayis ya yi hukunci, ku ba kowa jarumi uku tun farko, za ku sha dariya da fargaba kuma babu mai tafiya da ciwo. Basic Fantasy, wanda yake bin tsarin tsoffin bugun, kyauta ake sauke shi a intanet. In akwai yara a cikinku, ko yawancinku sabbin shiga ne, ko labarin dogo ne da aka gina a kan dangantakar jarumai, ku cire mutuwar bazata ku ƙarfafa asara. In kuwa tabarmarku gauraye ce kamar tamu, wanda shi ne ya fi yawa, to ku zauna a tsakiya amma ku ƙara abin da bugu na biyar bai tilasta ba, wato sanarwa kafin jifa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a ware zama ɗaya na share fage kafin labari ya fara, a yi tambayoyi uku a fili: dayis zai iya kashe jarumi ko sai an yarda, ana dawowa ko ba a dawowa, kuma in aka yi mutuwar kasko duk ayarin ya faɗi, labarin ya ƙare ne ko wasu za su ɗauka.

Mu Asabar ɗin da ta biyo baya ba mu yi wasa ba, shayi muka dafa muka yi magana. Dokar da muka tsayar ita ce duk jifan da zai iya kashe jarumi sai na faɗa da babbar murya cewa wannan jifan na rai ne. Mai jarumin yana iya ja da baya ya biya farashin da zan faɗa masa a take, kuma farashin ba ya gogewa. In ya zaɓi jifa, a tsakiyar tabarma za a jefa kowa yana gani, abin da ya fito ya zauna. Abokina ya yarda don haɗarin yana nan, ƙanena ya yarda don ba za a sake yi masa ba-zata ba. Maharbi kuwa na ba ƙanena zaɓi ya dawo da shi da hannu ɗaya, tunda ni ne ban sa alama a rijiyar ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "A'a Yaya, bar shi ya kwanta. Ba ni takarda." Ya ƙirƙiri ƙanwar maharbin, wadda ta kuɓuto da kanta daga hannun waɗanda suka sace ta, kuma yau mako na tara ke nan tana bin sawun ayarin tana tambayar inda rijiyar take.